Ba kowane ciwon ƙugu ne ƙoda ba, ba kowane zafin fitsari ne sanyi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka sam mana fili a wannan jarida tamu mai farin jini, mu yi wa masu karatu bayani a kan ƙoda da hanyar da fitsari yake bi har ya fita. Mu ma'aikatan lafiya ne, likitoci da ma'aikatan jinya. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda sunayen da ake faɗa a gari suka cakuɗa sassa huɗu waɗanda kowanne da aikinsa da irin ciwonsa: ƙoda, bututun da ya sauko daga gare ta, mafitsara, da hanyar fita. Mai ciwon ƙugu ya ce ƙoda ce. Mai jin zafin fitsari ta ce sanyi ne. Dattijon da fitsarinsa ke fita da ƙyar shi ma ya ce sanyi ne ko basir. Mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa kuma ya haɗa su duka a gora ɗaya, ya ce tana wanke ƙoda da mara. Kafin a gano inda matsalar take, sau da yawa aikin gama ya gama.

Mu fara da inda ƙoda take, don nan kuskuren farko yake. Ƙodoji biyu ne, suna can baya, dama da hagun ƙashin baya, a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, har haƙarƙari na 12 ya gitta ta bayansu. In mutum ya miƙe tsaye ya saki hannuwansa, suna wajen daidai gwiwar hannunsa. Ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda hanta ta danno ta daga sama. Tsawon kowace santimita 10 zuwa 12 ne, faɗinta 5 zuwa 6, kaurinta kamar 3, nauyinta kimanin giram 150, wato ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Saboda haka ciwon da ke can ƙasan ƙugu, wanda yake ƙaruwa in an sunkuya ko an ɗaga buhu, ya lafa in an kwanta, galibi na tsoka ne da gaɓoɓin ƙashin baya.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga ƙoda lulluɓe cikin farin kitse a jikin baya. Ta mutum ma haka take, kitsen nan shi ne matashin da ke kare ta daga bugu. Ƙodar rago da ta akuya sumul suke kamar ƙwayar wake, sun fi kama da tamu, ta saniya kuwa ƙulli-ƙulli ce. Muna ba malaman makaranta shawara su sayi ƙodar rago wurin mahauci su tsaga ta a tsaye a gaban ɗalibai, ya fi zane goma a allo. Za a fara cin karo da wata siririyar fata mai ɗayewa kamar leda. Ƙarƙashinta akwai ɓawo ja mai duhu, wanda a jikin mutum kaurinsa kamar santimita 1 ne. Daga ciki sai nama mai layi-layi, wanda a ƙodar mutum ya kasu curi 8 zuwa 18, kowanne gindinsa a waje, tsininsa yana kallon ciki, kamar dalar gyaɗa. Tsinin kowace dala yana ɗiga fitsari cikin ɗan ƙoƙo, ƙananan ƙoƙunan su haɗu su zama manya 2 ko 3, su kuma su zuba cikin wani farin mazurari. A gefen da ƙodar ta loɓa, wato cibiyar waken, nan jijiyar da ke kawo jini take shiga, mai mayar da shi take fita, bututun da ya taso daga mazurarin shi ma ta nan yake fita.

Ƙodojin biyu giram 300 ne gaba ɗayansu, amma suna karɓar kusan kashi 1 cikin 5 na duk jinin da zuciya take turowa, fiye da lita 1 a kowane minti. Aikin tacewa yana hannun wasu ƙananan matatu da ido ba ya gani, likitoci suna kiran su nefuron, kimanin miliyan 1 a kowace ƙoda. Kan kowace matata curin jijiyoyi ne da suka fi gashi siranta, sun naɗe kamar curin zare a cikin ɗan ƙoƙo. Marcello Malpighi na Italiya ne ya fara bayanin curin a 1666, William Bowman na Ingila kuma ya nuna yadda ƙoƙon ya haɗu da bututu a 1842. Jini yana shiga curin ta ƙofa mai faɗi, ya fita ta ƙofa mai matsi, sai ƙarfin turi ya taru a ciki ya matso ruwa waje, kamar yadda mai koko take matse ƙullu a cikin ƙyalle. Ruwa da gishiri da suga da dattin da ake kira yuriya duk suna wucewa. Ƙwayoyin jini da furotin ba sa wucewa, sun fi ƙarfin ramukan. Shi ya sa ganin jini ko furotin a fitsari babban labari ne: ko dai rariyar ta yage, ko kuma akwai rauni a wani wuri a hanya. Fitsari mai kumfar da ba ta kwantawa, da kumburin fatar ido da safe, alamun yoyon furotin ne.

Ruwan da ake tacewa a yini ɗaya ya kai lita 180, jarka 7 ke nan masu cin lita 25 har da ɗori, kusan cikin durom guda. Amma fitsarin da mutum yake yi bai wuce lita 1 zuwa 2 ba. Sauran, kashi 99 cikin 100, ana mayar da shi cikin jini ta jikin siririn bututun da ya biyo bayan ƙoƙon. Sashen farko na bututun shi kaɗai yana tsotse kashi 2 cikin 3 na ruwa da gishiri, tare da dukkan suga. Daga nan bututun ya nutsa cikin dala ya lanƙwaso ya dawo kamar ƙugiya, kuma wannan lanƙwasar ce take tara gishiri a can tsinin dalar, ta yadda zai iya janye ruwa daga fitsarin da ke wucewa. Dabbobin sahara irin su raƙumi sun fi mu kaurin wannan sashe, shi ya sa fitsarinsu yake da kauri ƙwarai. Sashen ƙarshe kuma umarni yake jira. In jiki ya bushe, wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin da zai buɗe ƙofofin ruwa, a mayar da shi jiki, fitsari ya fito kaɗan, ja kamar shayi. In an sha ruwa da yawa, ƙofofin su rufe, fitsari ya fito da yawa, fari tas. Wannan shi ne bambancin fitsarin bazara da na hunturu, kuma ba ciwo ba ne. Sai dai dabarar tana da iyaka: dole ƙoda ta samu aƙalla rabin lita, cikin ledar fiya wata ɗaya, kafin ta iya fitar da dattin yini guda. Babban mutum da fitsarinsa ya kasa mililita 400 a yini, ko yaro mai gudawa da ya yi awa 6 zuwa 8 bai jiƙa ƙyallensa ba, a garzaya da shi asibiti. Ƙoda lafiyayya tana jure azumi in an sha isasshen ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, amma wanda aka riga aka ce ƙodarsa ta yi rauni ya tuntuɓi likitansa kafin watan ya kama.

Wannan tsari yana fassara abubuwa biyu da jama'a suka saba gani. Mai ciwon suga, in sugan jininsa ya haura wajen 180 a na'urar da ke auna miligiram, ko 10 a ɗaya ma'aunin, bututun ba ya iya tsotse shi duka, sai ya zube cikin fitsari ya ja ruwa ya tafi da shi. Ga yawan fitsari, ga ƙishirwa, ga kiyashi a inda aka tsuguna. Na biyu kuma yara masu sikila. Tsinin dalar nan wuri ne mai ƙarancin iska da yawan gishiri, daidai yanayin da ke sa ƙwayar jininsu ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Tun suna ƙanana ƙodarsu take rasa iya kauranta fitsari, shi ya sa suke yawan fitsarin kwance, kuma jikinsu yake saurin bushewa. Muna roƙon iyaye kada su daki irin wannan yaro, kada kuma su hana shi ruwa don ya daina jiƙa shimfiɗa, hana shi ruwan ne zai tayar masa da ciwon ƙashi.

Akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe game da matatun nan: ana gama ƙirƙirarsu ne tun a ciki, wajen mako na 36, daga nan ba a ƙara ko ɗaya. Wadda ta mutu ta mutu, sai sauran su ɗauki kayanta, nauyin kuma ya gajiyar da su su ma. Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi sukan zo duniya da jarin matatu kaɗan, don haka ya kamata a riƙa auna musu jini in sun girma. Amma Allah ya hore mana rara mai yawa. Akwai waɗanda ake haifa da ƙoda ɗaya su tsufa ba su sani ba, kuma wanda ya ba ɗan'uwansa ƙoda, wadda ta rage takan ƙara girma ta riƙe shi.

Rarar nan ita ce kuma take ɓoye ciwo. Jijiyoyin jin zafi suna jikin fatar waje ne da mazurari da bututu, sai an buɗa su da sauri suke kuka, kamar in tsakuwa ta toshe hanya ko ƙwayar cuta ta kumbura ƙodar. Ƙodar da hawan jini ko suga ke ci a hankali tana tsukewa ne shekara da shekaru ba tare da ko ɗan zogi ba. Ko gwajin jini na kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke fitarwa, yakan zauna kamar lafiya lau har sai kusan rabin aikin ya tafi. Ranar da alamu za su bayyana, ba a ƙugu za su fito ba, saboda ƙoda tana da wasu ayyukan ban da fitsari. Ita ke sakin sinadarin da yake umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, in ta gaza sai ƙarancin jini da kasala waɗanda maganin ƙarin jini na kemis ba ya gyarawa. Ita ke kammala sarrafa bitamin D, in ta gaza ƙashi ya yi rauni. Ita ke sakin renin mai daidaita ƙarfin bugun jini, shi ya sa lalatacciyar ƙoda take ƙara hawan jini, hawan jinin kuma yake ƙara lalata ta. Ita ce kuma mai fitar da sinadarin fotashiyam, wanda in ya taru yake iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Saboda shi ne ake taƙaita wa mai gazawar ƙoda ayaba da lemo da dabino da dankali, abincin da ba su da wata illa ga mai lafiya. Sai tashin zuciya da safe, ƙaiƙayin jiki, shaƙuwa mai naci, kumburin ƙafa da haki.

To, mu sauko ƙasa. Daga mazurarin kowace ƙoda bututu ɗaya ya sauko zuwa mafitsara, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗinsa milimita 3 zuwa 4, kamar bututun tawadar biro. Tsoka ce a jikinsa, yana tatsar fitsari yana tura shi ƙasa sau da yawa a minti, ko da mutum yana kwance. Wurare 3 ya matse: inda ya baro mazurari, inda ya haye manyan jijiyoyin jini a bakin ƙashin ƙugu, da inda ya shiga mafitsara. Nan tsakuwar ƙoda take maƙalewa. Ciwonta ba ya ɓuya: yana tasowa daga kwiɓi ya gangaro mara har zuwa maraina ko gaban mace, yana zuwa yana lafawa, mai shi yana birgima ya rasa inda zai sa kansa, galibi da amai. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta, wadda ta haura milimita 10 da wuya ta fita sai an taimaka. In zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da wannan ciwo, to ruɓa ta taru a bayan toshiya, kuma wannan ba ya jiran gobe. Garinmu mai zafi ne, manomi da ɗan acaɓa da mai aikin gini suna zubar da ruwan jikinsu ta gumi, fitsari ya yi kauri, gishirin cikinsa ya daskare. Rigakafin wanda ya taɓa yin tsakuwa shi ne ya sha ruwan da zai sa ya yi fitsari lita 2 zuwa 2 da rabi a yini, ya kuma rage gishiri.

Bututun ba kai tsaye ya huda mafitsara ba, a karkace ya ratsa bangonta, ta yadda in ta cika sai ta danne shi, fitsari ba zai koma sama ba. Wasu yara ana haifarsu da wannan ratsi gajere, fitsari yana komawa ƙoda ɗauke da ƙwayoyin cuta. Yaron da ke yawan zazzaɓi, ana ta gwajin maleriya ba a gani, a duba fitsarinsa kafin tabo ya cika ƙodar. A jikin mace kuma bututun yana wucewa dab da bakin mahaifa, tazarar ba ta wuce santimita 2 ba, ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa. Shi ya sa sankarar bakin mahaifa in ta yaɗu takan shaƙe bututun biyu ta kashe ta hanyar ƙoda, shi ya sa kuma tiyatar mahaifa ba aikin wanda bai ƙware ba ce. Ciki ma yana sassauta bututun ya danne shi, musamman na dama, fitsari ya riƙa jinkiri. Gwajin fitsarin da ake yi wa mata a wurin awo yana da dalili biyu: neman ƙwayar cutar da ba ta nuna alama ba tukuna, da neman furotin, wanda in ya haɗu da hawan jini yake gargaɗin jijjigar haihuwa.

Mafitsara jaka ce ta tsoka, tana zaune a bayan ƙashin gaba na mara. In babu komai a cikinta ba a jin ta da hannu. Mutum yakan fara jin fitsari in ta tara mililita 150 zuwa 250, tana kuma iya riƙe 400 zuwa 600. Ƙofofi biyu ke tsare ta, ta ciki mai aiki da kanta, da ta waje wadda yaro yake koyon riƙewa wajen shekara 2 zuwa 3. Jijiyoyin da ke sarrafa su daga ƙasan lakar baya suke fitowa, shi ya sa wanda ya karye a baya, ko wanda suga ta daɗe tana cin jijiyoyinsa, yake rasa riƙon fitsari ko ya kasa juye shi duka.

Ciwo biyu na mafitsara sun fi damun ƙasarmu. Na farko tsargiya. Tsutsa ce, Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira a 1851. Tana girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu sosai, kududdufi da madatsun ruwa da magudanan noman rani, ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara. Ƙwayayenta masu ƙaya su ne ke yaga bango su fito, shi ya sa jinin yake zuwa a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai ƙauyukan da ake ɗaukar wannan jini alamar balagar ɗa namiji, kuma wannan yana ci mana rai, domin ƙwayayen da suka maƙale suna barin tabo ya taurara mafitsara, ya tsuke bakin bututu, ƙoda ta kumbura da ruwa, bayan shekaru ma har ya kai ga sankarar mafitsara. Alhali maganinta, farazikwantel, sau ɗaya ake shan sa, miligiram 40 a kowane kilo na nauyin jiki, bayan an ci abinci, kuma ana raba shi a makarantu. In an koma ruwan ana sake kamuwa, sai a sake sha.

Na biyu yoyon fitsari. Bangon bayan mafitsara manne yake da bangon gaban farji, gabanta kuma ƙashi ne. In naƙuda ta yi tsawo kan jariri ya tsaya, yakan matse naman nan biyu a jikin ƙashi na sa'o'i masu yawa, jini ya daina zuwa, naman ya mutu, bayan kwana 3 zuwa 10 ya zube ya bar rami. Yankan gishiri ma yana huda wurin kai tsaye. Babu sihiri ko iska a cikin wannan al'amari. Matar da rana ta fito ta faɗi tana naƙuda ba ta haihu ba, asibiti ne wurinta. In yoyon ya fara, sa robar fitsari da wuri na wasu makonni yana iya sa ƙaramin rami ya rufe da kansa, manya kuma ana ɗinke su a cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina, da na asibitin Murtala a Kano, da na Danja kusa da Maraɗi.

Sashe na huɗu, hanyar fita, shi ne inda namiji da mace suka bambanta ƙwarai. Ta mace kamar santimita 4 ce, bakinta kuma kusa da dubura, saboda haka ƙwayoyin cutar hanji suna saurin hawa mafitsara. Wannan ne asalin yawancin zafin fitsarin mata, ba zama a kan masai ba. A yi tsarki daga gaba zuwa baya, a yi fitsari bayan saduwa, a daina cusa turare da haɗe-haɗen matsi. Zafi da yawan fitsari ba zazzaɓi, ciwon yana mafitsara. In zazzaɓi mai rawar ɗari da amai da ciwon kwiɓi suka biyo, ya hau ƙoda. Ta namiji kuwa santimita 18 zuwa 20 ce, kuma tana fitowa daga mafitsara sai ta ratsa tsakiyar wata ƙwaya da ake kira furostet, mai nauyin giram 20, kamar ƙaramin goro. Daga shekara 50 zuwa sama ƙwayar takan ƙara girma ta shaƙe hanyar: jinkiri kafin fitsari ya fara, rashin ƙarfi, ɗiga a ƙarshe, tashi sau da yawa da dare. Wanda ya taɓa yin ciwon sanyi na saduwa bai warke da kyau ba, ko ya faɗi a kan ƙarfe ta tsakanin ƙafafu, shi kuma tabo ne yake tsuke masa hanya ko yana saurayi. Haɗarin duka ɗaya ne, ruwa ya taru a baya ya koma ya danne ƙodojin biyu. In fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, robar fitsari ce ceto cikin sa'o'i, ba jiƙo ba. Iyaye mata kuma su lura da jariri namiji: in fitsarinsa ba ya tsiri sai ɗiga, yana yunƙuri, akwai yiwuwar an haife shi da wani tantani da ya tare hanyar, kuma gyara shi da wuri yana ceton ƙodarsa.

Wanda ya fahimci hanyar nan zai ga cewa ƙoda tana tsayawa farat ɗaya ta fuska uku: jini bai isa gare ta ba, ko an sa mata guba, ko hanyar fita ta toshe. Amai da gudawa, zubar jini bayan haihuwa da zazzaɓi mai tsanani suna cikin na farko. Saran kububuwa da maleriya mai tsanani suna iya haɗa na farko da na biyu. Amma gubar da ta fi tayar mana da hankali ita ce wadda ake saya da kuɗi. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen da firoksikam suna tsuke ƙofar shigar jini ta curin nan da muka faɗa. Lebura ya yini a rana jikinsa ya bushe, da yamma ya sha haɗin ƙwayoyin gajiya da biyu ko uku daga cikinsu suke ciki, kullum haka. Allurar jentamaisin ba bisa ƙa'ida ba, man bilicin mai sinadarin makuri, da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke ciki ko adadinsa, duk ta bututun matatun nan suke bi. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙorin yara mai gurɓataccen sinadari ya hallaka yara fiye da 80 a Najeriya ta hanyar tsayar da ƙoda, irin haka kuma ya sake faruwa a Gambiya a 2022. Gishiri ma a sa masa ido: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk cikin lissafin suke. Yawan ciwon ƙoda da aka daɗe ana kuka da shi a Gashuwa da kewaye ya isa ya sa kowa ya ɗauki maganar da muhimmanci.

Kalmar wankin ƙoda ita ma tana ruɗar mutane. Na'urar ba ta taɓa ƙoda, jini take ja ta tace ta mayar. Ga wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, wankin gada ce, yana iya yin 'yan makonni ƙodar ta farfaɗo, don haka kada dangi su gudu da majinyaci da jin sunan. Ga wanda tasa ta ƙare a hankali kuwa, sau 3 ne a mako, awa 4 kowane zama, awa 12 ke nan a madadin awa 168 da ƙoda take aiki, har sai an samu dashe. An fara dashen da ya yi nasara a Boston ta Amurka a 1954, a Najeriya an fara a Legas a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara a 2002. Sabuwar ƙodar a mara ake dasa ta, tsofaffin galibi ana barin su a inda suke. Babu wani ganye ko gora da ke wanke ƙoda, ita ce mai wanke jini.

Abin da muke nema ga masu karatu ba shi da tsada: awon hawan jini a hannu, tsinken gwajin fitsari mai nuna furotin da jini da suga, da gwajin kiriyatinin wanda daga shi ake lissafa ƙarfin tacewa. Mai lafiya yana tace mililita 90 zuwa 120 a minti. In lissafin ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata 3, ciwon ƙoda ya tabbata, ƙasa da 15 kuma ana maganar wanki ko dashe. Mai hawan jini, mai suga, mai sikila, wanda aka yi ciwon ƙoda a gidansu, da matar da ta taɓa jijjigar haihuwa, su yi gwajin nan sau ɗaya a shekara ko ba sa jin komai. In an kama yoyon furotin da wuri, magunguna irin su lisinofiril da losatan suna sassauta matsin da ke cikin curin su ja wa ƙoda shekaru, sai dai likita ne zai rubuta, kuma mai ciki ba ta sha. Yaron da fitsarinsa ya koma kalar shayi, fuskarsa ta kumbura, makonni kaɗan bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen ƙazuwa, a auna masa jini a ranar.

Kai kuma Malam Edita, roƙonmu biyu ne. In wakilanka za su rubuta labarin majinyaci mai neman taimako, su tambayi likita wane sashe ne ya samu matsala, su rubuta shi da sunansa. Sannan a tace tallan magungunan da ke iƙirarin wanke ƙoda da mara kafin a ba su shafi. Ranar Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, asibitoci da dama suna yin gwaji kyauta, muna fatan za ka riƙa sanar da wuraren tun mako guda kafin ranar.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da ƙoda da mafitsara, Kano.